Fuskar Direkta da Sabulun Kwana Uku

Daga Ajengere har ka dangana da iyakar Burkina, babu fuskar da ta yi sheƙi a shekara talatin ɗin nan ba da hannuna a ciki ba. Ni ne Idi Mai Salo na zangon Sokode. Mutanen da na gyara wa fata, in aka jera su, layin zai kai Lome ya juyo. Akwai tsohon da ya yi wata biyu yana wanka da sabuluna, ya je karɓar fansho aka kore shi, wai ɗansa ne ya sato takardun uban. Wanda bai yarda ba ya je ya tambaye shi, sai dai ya rasu.

Saboda ku nake wannan rubutu, samari da 'yan matan yanzu. Kun kalli wata a waya tana dama abu a roba na minti uku, kun sayo soda ta leda, kun zuba turare da kala, kun liƙa takarda mai hoton fure, shi ke nan kun zama masu gyaran fata. Shekaranjiya wata ta tsaya a rumfata tana koya mini sana'ata, wai fuska sai an bi mata mataki goma kullum. Na ce mata ko tirela ba a yi mata hidima goma kafin ta kama hanya. Ta ce ni na da ne. Na dubi goshinta, ya yi ja kamar tumatirin da aka manta a rana, na ce Allah ya ƙara ilimi.

Aikin farko da Gwaggo Rabi ta sa ni shi ne shinshina. Gwaggo ƙanwar babana ce, a zangon Dapaong take, can aka tura ni bayan na gwada lakwal, wato boko, ya ƙi ni, na gwada ɗinki allura ta ƙi ni. Dafa sabulu sana'ar mata ce, na sani, an kuma gaya mini sau dubu. Ranar kasuwar Nano ta bi da ni layin matan ƙabilar Moba masu man kaɗe a ƙwarya, ta ce in shinshina kowace ƙwarya in nuna wadda aka ƙona ƙwararta wajen suya. Na shinshina wajen arba'in, hancina ya kai girman doya, na nuna ɗaya da ƙarfin hali. Ashe ita ce mafi kyau a kasuwar. Mai man tana jin Hausa, amma da yarensu ta zage ni, Gwaggo kuma ta fassara mini ba ta rage ko kalma ɗaya ba. Wata shida muna zirga-zirga tsakanin Nano da Bombuwaka kafin hancina ya iya raba man da aka soya daidai da wanda wuta ta ci, da wanda ya daɗe har ya fara tsami. Mai kyau in ka ɗora shi a bayan hannu da kansa yake narkewa, ba ya barin tsaki-tsaki. Ku kuwa a roba kuke saye, a rufe, an fesa masa turare. Ko kitsen akuya aka zuba muku godiya za ku yi.

Sai tatar toka. Sabulun salo abu uku ne, toka da mai da hannun da ba ya gajiya. Tokar ɓawon koko, wannan da ake cakulan da shi, ake kawo mana daga kudu a buhu. A zuba ta a tukunya mai huji a gindi, a shimfiɗa tsumma, a zuba ruwa yana ɗiga a hankali. Abin da ya ɗigo shi ne ruwan toka, kuma a kansa komai yake. In ya yi sanyi sabulu ya fito kamar kunu, in ya yi kaifi ya ci fatar mutum. Ba mu da ma'auni sai harshe. A tsoma ɗan yatsa a taɓa kan harshe: in ya ɗan cije ka ya sake, ya yi; in ya cije ya riƙe, a ƙara ruwa. Shi ya sa Gwaggo take da doka ɗaya da ba ta sassautawa, ranar dahuwa ba a cin goro. Duk mai cin goro ya sani, in ka tauna ka kora da ruwa, ko na rijiyar da ta fi kowace ɗaci ne zaƙi zai yi maka. Harshen da goro ya bi ta kansa maƙaryaci ne har la'asar.

Daga nan a ɗora tukunyar ƙarfe, a zuba man kaɗe da alayyadi, a kama muciya tun hantsi. Muciyar Gwaggo ta fi ni tsawo, kuma ina zargin ta fi ni shekaru. Kumfa ta taso kamar za ta haɗiye gidan, ka rage wuta, ta faɗa, ka ƙara, kana juyawa har kafaɗarka ta fara magana da kai. An sauke ma ba a gama ba. Sabulu sai ya kwanta a ɗaki a rufe da buhu, mako uku aƙalla, zafinsa ya fita. Sannan mai shi ya wanke wuyansa da shi kwana uku kafin ya kai kasuwa. In zai ci wani, ya fara da wanda ya dafa shi.

Abin da nake gaya wa masu saye bai canza ba tun ranar da na buɗe rumfa a Sokode, kuma kyauta nake faɗa, shi ya sa ba a ganin darajarsa. Da safe ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba wanda ake fige kaza da shi ba. Sabulu a tafin hannu ake murza shi, kumfar ce take zuwa fuska, shi kansa ba shi da izinin zuwa. Soso na diddige ne da gwiwa. A ɗauraye, a dangwala tsumma mai tsabta, ba a goga kamar mai kankare gindin tukunya ba. Tun fata da danshi a ɗauki man kaɗe kamar ƙwayar gyaɗa, a narkar a hannu a shafa. Da yamma a maimaita. Mu masu alwala sau biyar ruwa yana kwashe mana mai, sai a ɗan taɓa kaɗan bayan azahar. Ƙurji a ƙyale shi, bai kira ka ba. In rana ta take a nemi inuwa ko malfa. A yi kwana arba'in a haka, sannan a zo a yi mini magana. Wahalar duk a kwana arba'in ɗin take, kuma ban taɓa ganin ɗan Adam da yake son jin haka ba.

Matan buro, wato masu aikin gwamnati, su suka fi raina ni. Sai su wuce rumfata suna toshe hanci, wai man kaɗe warin ƙauye yake, su shiga kanti su sayo kwalaben da jirgi ya sauke a Lome. Kwalaben nan su mai da mace fara a fuska, baƙa a gaɓoɓin yatsu, ta koma kamar mutum biyu aka haɗa aka yi ɗaya. Ni dai ina da direbobina masu faso a diddige, da mahauta, da tsofaffin zango, muna lallaɓawa.

Sai shekarun dimokuraɗiyya suka zo. Ku da ba ku gani ba kuna tsammanin jawabi ne a rediyo. Mu abin da muka gani tayoyi ne suna cin wuta a kan kwalta, shingen soja a nan, shingen samari a can, kowa yana tambayarka kai na wa ne. Aka shiga yajin aikin nan da ya ƙi ƙarewa, buro a rufe, lakwal a rufe, manyan motoci suka daina hawowa daga Lome. Kwalaben kanti suka ƙare. Fuskokin da suka saba da man jirgi suka fara komawa gida, wasu ta goshi, wasu ta kunne. Sai ga matan buro a rumfata, an ja mayafi har hanci, ana kirana Metir Idi, wato babban gwani, ni da a da ko Idin ba a cika ba ni ba. Kaina ya kumbura har hulata ta daina shiga.

Amma motar da ta daina kawo musu kwalba ita ce ta daina kawo mini tokar koko. Na hau wata akwala zuwa Dapaong, tafiyar yini ta zama ta kwana biyu saboda shingaye. Gwaggo ta tsufa, ba ta iya muciya, amma bakinta bai tsufa ba. Ta haɗa mini buhu huɗu na tokar karan dawa, ta ce in kula, tokar arewa ba ta da kunya, ta fi ta koko kaifi nesa, in riƙa ƙara ruwa ina ɗanɗanawa. Na ce mata harshena ya fi na'urar likita. Ta dube ni irin kallon da ake yi wa akuyar da ta doshi rijiya. A hanyar dawowa duk shingen da muka tsaya sai an soka buhunan da ƙarfe, wani soja har ya lasa, ya ce wannan wane irin gari ne. Na ce na tuwon masu laifi ne. Bai yi dariya ba, na yi tsallen kwaɗo goma.

Ranar wata Litinin da safe ina cikin tatar tokar nan, Direkta Sulemanu ya yi sallama. Tsohon shugaban lakwal ɗin unguwarmu ne, rabin zango ya sha bulalarsa, har da ni a 'yan watannin da na yi a can. Ya ajiye aiki ya fito takarar ɗan majalisa, tunda a lokacin duk mai kwat da tabarau ya fito. Matsalarsa fuska ce. Ƙurajen aski sun cika masa haɓa, ga baƙin tabo a kumatu. Ya bayyana mini cewa mai hoton garinmu, fim ɗinsa ya kusa ƙarewa, ba a kawo wani daga Lome, ya yi masa alkawarin ɗauka ɗaya tak ranar Asabar. Wannan hoton za a buga a liƙa a bangon Sokode da ƙauyukan hanya. Yana son fuska ta yi sumul kafin Asabar.

Amsar gaskiya kwana arba'in ce, kuma ita na buɗe baki zan faɗa. Sai ya zaro ƙunshin ganye daga aljihu ya buɗe. Goro fari, manya, irin wanda muka yi watanni ba mu gani ba. Ya miƙo mini da hannu biyu, mutumin da ya taɓa sa ni durƙuso a kan tsakuwa.

"Metir Idi," ya ce, "duk garin nan an ce in ba kai ba, ba kowa."

"Yallaɓai Direkta, wa yake maganar Asabar? Ran Juma'a ma Madam ba za ta gane ka ba."

Wannan alkawarin kam na cika shi.

A wurinmu in babba ya kawo maka goron roƙo, ba ka jefa shi a aljihu. Fasa ɗaya kake yi a gabansa, ka ba shi ɓari ka ci ɓari, shi ne ka karɓi maganarsa. Na fasa, na ci. Da ya tafi na ƙara guda saboda kewa. Sannan na koma kan tukunya, na tsoma yatsa na taɓa harshe. Ruwan tokar ya yi mini laushi kamar romon kaza. Na ce ashe tsufa ne ya sa wa Gwaggo tsoro. Maimakon in ƙara ruwa, sai na ƙara tafasa shi don ya yi ƙarfi. Kwantaccen sabulun da nake da shi matan buro sun wawashe tun makon da ya wuce, don haka sabo na dafa a ranar. Kwana uku ya yi a ɗaki a madadin mako uku. Wuyana kuwa ko gaisawa ba su yi ba.

Alhamis da safe na kai masa curi guda, na ce ya bar kumfar ta ɗan zauna a fuska kafin ya ɗauraye, tunda sauri muke. Na manta da malamin makaranta nake magana, mutumin da ya yi imani cewa duk abin da aka maimaita sau biyar ya fi zama. Duk alwala sai ya wanke, duk wankewa sai ya bar kumfa ta zauna yana duba agogo.

Ran Juma'a ya fito masallaci da rawani ya rufe haɓa, amma rawani ba ya rufe kumatu da goshi. Fuskar ta kumbura, ta yi ja a nan, baƙi a can, tana saɓulewa kamar dafaffen dankali. Kafin a sallame, magana ta zaga sahu cewa mutanen abokin takararsa ne suka watsa masa ruwan batir. Abokin takarar wani Alhaji ne mai kantin siminti a bakin tasha. Aka tambayi Direkta, bai ce e ba, bai ce a'a ba. Tunda ya fito takara ba a taɓa ɗaga shi sama ana kiran sunansa ba sai ranar, ina jin daɗin abin ne ya riƙe masa baki.

Da la'asar samari suka taru a bakin kasuwa da tayoyi da galan na fetur, za su gidan mai siminti. Ina rumfata ina kallo. Na san abin da ya ci fuskar nan, ni kaɗai da tukunyata. Na kuma san in na faɗa, sunan Metir ya tafi, da matan buro, da direbobin, da komai. Na fara tunanin ko akwai motar Dapaong da ba ta tashi ba. Ina cikin naɗe tabarma sai ga Madam Asana, matar Direkta. Ungozoma ce a asibiti, mace gajeriya mai hannu kamar na maƙeri, rabin samarin da suke ihun nan ita ta karɓi haihuwarsu. Tana riƙe da ragowar curin a takarda, da buta.

"Idi, tashi."

"Madam, ai maganar siyasa ce, ni ɗan kasuwa ne, ba na shiga."

"Akwai mata da yara a gidan can. Ka faɗa da bakinka ko in faɗa maka."

Ta kama hannun rigata, ta ja ni har gaban taron, ta sa na hau wata ganga. Na yi jawabi. Na ce ba batir ba ne, ba mai siminti ba ne, sabuluna ne ya ɗan yi ƙarfi saboda tokar arewa. Ba wanda ya yarda. Wani ya ce saye na aka yi, wani ya ce a haɗa da rumfata tunda akwai sauran fetur. Madam ba ta yi gardama da kowa ba. Ta zuba ruwa a hannu, ta murza curin, ta shafa mini kumfar a wuya daga kunne zuwa kunne, ta ce a jira kaɗan.

Ba a jira da yawa ba. Da farko na daure, ina murmushi irin na masu sana'a. Sai na ji kamar an ɗaura mini rawanin tururuwa. Na fara taka rawa a kan ganga, irin rawar da ba a taɓa gani ba a ƙasar Tem, ƙabilar Sokode, ina roƙon butar da Allah da Annabi, Madam ta ɗaga ta sama ta ce sai kowa ya gani. Wuyana ya yi ja a idon jama'a. Wani ya fara dariya a baya, ta kama na kusa da shi, ta zo gaba. Wanda yake riƙe da galan ya ajiye shi don ya riƙe cikinsa. Haka taron ya watse. Mai siminti yana gidansa yana barcin la'asar, sai washegari ya ji cewa an kusa gasa shi.

Ran Asabar Direkta bai je wurin mai hoto ba. Tsohon hotonsa na lokacin da aka ba shi lakwal aka buga, da gashi cike da kai, mutanen ƙauye suna tambayar wane yaro ne wannan. Bai ci zaɓe ba. Mai simintin ma bai ci ba, wani can ne ya ci, wanda ko sunansa ba mu iya faɗa ba.

Ni kuwa sunana ya koma Idi Batir. Matan buro suka ɓace kamar an share su. Tsofaffin zango da suka shekara suna saye a wurina suka koma gaishe ni daga nesa, hannu a kumatu. Ragowar tukunyar nan wani direba ya karɓa ya wanke injin mota, ya dawo yana yabo, wai bai taɓa ganin abin da ya cire baƙin mai haka ba, ko akwai saura. Wannan ne kaɗai yabon da na samu a shekarar. Na koma dafa ƙaramar tukunya, ina wanke wuyana a bakin rumfa kowace safiya a gaban masu wucewa, don su gani da idonsu. Sai da damina biyu ta wuce kafin mace mai hankali ta sake ɗora kumfata a fuskarta. To ku masu roba da waya, da ku ne a kan gangar nan, da yanzu kuna Kwatano kuna sayar da ruwan sanyi.

Amma ku ji ƙarshen fuskar Direkta, don a nan gwanintata ta fito. Bayan kamar kwana arba'in ya fito kasuwa ba rawani. Fuska sumul, ƙurajen aski babu, tabon kumatu ya dushe, yana sheƙi kamar sabon kwano. Nan take na fara bayani a majalisa cewa dama haka aikin yake, sai an ɓare tsohuwar fata sabuwa take fitowa, gaggawar jama'a ce ta sa ba su fahimce ni ba. Na faɗa a tasha, na faɗa a wurin mai shayi, har na fara yarda da kaina. Ran nan na hango Madam Asana a layin masu kifi, mata sun kewaye ta, na ga dama ta samu. Na matsa na gaishe ta, na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce yanzu dai ta ga aikina, na mai da mata miji saurayi, ko tukuici babu.

Ta gama zaɓen kifinta tukuna, sannan ta juyo.

"Ruwan rijiya ne da man kaɗe, Idi, safe da yamma," ta ce. "Man ma ba a wurinka na saya ba."